Mijina Ya Ce Ni Ke Goge Masa Tubala

Goggo Fibi, ki taimake ni kafin aurena ya mutu a kan dorina.

Tun da mijina, Baban Keturah, ya yi ritaya daga sakatariya, ya kama koyon wata manhaja da ake jera tubala masu launi a kwamfuta, su zama wasa. Wai zai haɗa wa jikokinmu wasan dorinar Binuwai kafin Kirsimeti. Idonsa ya yi rauni, amma ambaton tabarau a gidanmu zagi ne. Sai ya yi ta zuƙo allon har tubali ɗaya ya kai girman buredi. Da hannunsa ya ɗan goce, aikin ya zame gefe ya ɓace daga allon, sai ya ce an goge, ya sake ginawa daga farko. Kuma wa ake zargi? Ni, mai share tebur. Yanzu ko tuwona ba ya ci da daɗin rai, har ya kai ƙarata wurin dattijon cocinmu a Jimeta.

Jiya da ya tafi aski na danna alamar ragi, mai rage girman abin da ke allon, komai ya ƙanƙance. Goggo, ga aikinsa nan birjik kamar shanyar barkono, duk wanda ya taɓa ginawa yana nan! Ashe tarin tubalan nan ne ya sa dorinar wasan ke ta juyi kamar mai bori. Na yi dariya har da hawaye, sannan tausayi ya kama ni. In nuna masa, kunya ta kashe shi, ko in ci gaba da zama ɓarauniyar tubali?

Matar Mai Dorina

'Yar'uwa, zargin ya yi miki ciwo, kuma kina da gaskiya. Amma mutumin da ya sake gini sau da yawa haka don jikoki ba mugu ba ne, tsufa yake tsoro.

Kada ki goge ko ɗaya, in ba haka ba ƙarya ta zama gaskiya. Kada kuma ki kira shaidu. Ku zauna ku biyu, ki ce ya koya miki aikin alamar ragin nan, ya danna da yatsansa. Abin da ya gani, ki bar shi ya ce shi ya gano. Ki riƙe dariyarki har ki shiga kicin.

Batun tabarau kuwa, ki ce naki idon ne ke damunki, ya raka ki asibiti, likita ya ƙarasa sauran. Shi da ya kai ƙara, shi zai koma wurin dattijo ya wanke ki da bakinsa. Wannan kam kada ki yafe.

Allah Ya bar ku tare, Ya kwantar wa dorina da hankali.