Sunayen da Malam Ya Bari a Rajista

Litinin, 17 ga Afrilu, 1972

Kwana arba'in da biyar da rasuwar Malam. Yau masinja ya kawo takardar labarai da ake aiko wa masu kula da ɗakunan karatu daga Kano duk wata, har yanzu da sunansa a bayan ambulan. Na karanta a hankali, da karatuna na aji huɗu. Wai wane ya samu ƙarin girma, wai za a zagayo a ƙirga littattafai. Da yana nan da ya karanta min da muryar mai labarai a rediyo, yana gyara zaman hula.

Wannan littafin rubutu nasa ne, shafi uku kawai ya ci. Ni zan cinye sauran.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Makullin ɗakin karatu na nan a ƙusar da ya rataye shi. Ina takaba, ba fita. Ɗakin ma a rufe.

Talata, 2 ga Mayu

Malam Badaru, mai zagayen ɗakunan karatu, ya zo daga Kano. Shi a zaure, ni a bayan ƙyaure, Yaya Indo, yayar Malam, a tsakani. Ya yi ta'aziyya mai kyau, sannan ya yi ta gyaran murya. Littattafai sittin da uku ba sa kan kanta.

Ya ce, "Uwargida, shekara tara ina wannan aiki, ban taɓa ganin rajistar aro irin ta marigayi ba. Lambar littafi na nan, kwanan wata na nan. Amma fisabilillahi, wane ne Gobe-Da-Safe?"

Ban san sanda bakina ya ce, "Ɗanladi tela," ba.

Ashe Malam bai taɓa rubuta sunan kowa na gaskiya ba, sai laƙabin da ya raɗa masa. Ni kaɗai na san su, don a kan tuwon dare yake ba ni labarinsu.

Malam Badaru ya ba mu zuwa ƙarshen Yuli. In ba su dawo ba, dole ya rubuta sun ɓata a hannun Malam, a rufe ɗakin, a daina kai akwatin littattafai Ajingi. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana ɗaura akwatin nan a bayan keke. Ba za a rubuta masa haka ba ina da rai.

Laraba, 3 ga Mayu

Na wuni da rajistar a cinya. Sarkin Gyangyaɗi. Mai Jaki Biyu. Lauyan Mahauta. Tsaya-In-Gaya-Maka. Na yi dariya, na farko tun ranar, sai kuma ta juye. Yaya Indo ta leƙo ta ce, "Ke Hansai, zaɓi ɗaya mana, kuka ko dariya, in san wanda zan taya ki."

Na fitar da sunayen gaskiya a gefe da fensir. Ita za ta bi gida-gida.

Alhamis, 11 ga Mayu

Yaya Indo ta yi min aika-aika. Na aike ta wurin mai unguwa na can Balan, na kuma yi kuskuren gaya mata yadda aka rubuta shi. Ta je gaban jama'arsa ta ce, "Ranka ya daɗe, wai kai ne Sarkin Gyangyaɗi? Littafin noman gyaɗa aka aiko ni." Ta ce har masu kaɗa shanu sun ji dariyar.

Da la'asar sai ga shi da kansa a zaure, da littafin a aljihu. Na shirya ba da haƙuri. Sai ya ce, "'Yar nan, me kuma ya ce a kaina?" Na ce yakan ce da ka buɗe shafi na biyu shi ke nan, sai ya rage murya ya kore ƙuda kada su tashe ka. Ya ce, "Wallahi ban taɓa barci mai daɗi irin na ɗakin nan ba." Ya fyace hanci ya tafi.

Asabar, 27 ga Mayu

Littattafai talatin da ɗaya sun dawo. Magana ta bazu, yanzu da kansu suke kawowa, kowa so yake ya ji nasa laƙabin. Ɗanladi tela ya aiko cewa gobe da safe.

Laraba, 14 ga Yuni

Ruwa ya sauka sosai, an fita shuka. Bara war haka Malam ya shigo a jiƙe sharkaf, ya cire rigarsa ya lulluɓe akwatin da ita. Na yi masa faɗa. Da na sani da ban yi ba.

Akwai suna ɗaya da ya gagare ni. Ba-Ta-Mayarwa. Littattafai bakwai, tun shekara huɗu, ba a soke ko ɗaya ba. Mace ce ke nan. Bai taɓa ba ni labarinta ba, shi da ba ya iya riƙe labari ya kwana. Ba na zarginsa da komai, Allah ya sani. Amma na kasa cin tuwo.

Talata, 11 ga Yuli

Na fita takaba. Na yi wanka, an yi sadakar waina. Yaya Indo ta ce in ciro zanen kirki in ɗaura. Na buɗe adakata, wadda ban taɓa ba tun watan Maris, na ɗaga zannuwa, sai ga su a ƙasa. Na kiwon kaji, na ɗinki, na tarihin annabawa, da na tatsuniyoyi guda huɗu. Kowanne da lamba a gindinsa. Na ɗauko rajista na gwada. Bakwai cif.

Shi yake kawo min su a aljihu, ya ce, "Ga wannan, kada karatunki ya yi tsatsa." Ni a zatona kyauta ce. Ashe duk yana rubutawa, yana kallona, bai taɓa cewa kawo ba.

Yaya Indo ta ce, "To, ɓarauniyar gwamnati, a gida kike ashe." Na rungume su na zauna a ƙasa. Wainar ma ban san wa ya raba ba.

Laraba, 19 ga Yuli

Na je Ajingi a motar itace, ni da Yaya Indo. Ƙarƙashin tsamiyar da yake sauke akwati har yanzu akwai dutsen da yake zama. Wata tsohuwa, Iya Gaji, ta kawo biyu a naɗe cikin tsumma. Ba ta karatu, jikarta ke karanta mata in ta zo hutu. Ta kama hannuna ta ce, "Ke ce mai miyar kukar? Kullum sai ya ce bari ya yi sauri kada ta huce."

Baffa Bubayero na Gafasa ya tako da ƙafa da nasa, yana warin hayaƙi da man shanu. Ya tambaya yaushe akwati zai dawo. Na ce ban sani ba.

Alhamis, 27 ga Yuli

Malam Badaru ya ƙirga sau biyu. Sittin da ɗaya. Ɗaya gara ta ci, mai shi ya kawo bangon shaida. Ɗayan yana wurin Ɗanladi tela. Malam Badaru ya tafi da kansa ya tsaya masa a kan keken ɗinki har ya zaro shi daga ƙarƙashin yadi.

Ya rubuta a gabana: ba a rasa komai a hannun marigayi ba. Na ce ya sake karanta min. Ya sake.

Sannan ya ce akwai kwas na sati biyu a Kano a watan gobe, na masu kula da ɗakunan karatu, kuma kujerar ɗakinmu na nan Gaya babu kowa a kanta. Na ce ni aji huɗu na yi. Ya ce, "Masu aji bakwai sun kalli rajistar nan sun mayar min." Na ce a'a. Yaya Indo ta ce, "Ta ji, za ta zo."

Talata, 22 ga Agusta

Kano. Mu ashirin da shida, mata biyu, ni da wata Hajo mai yawan dariya. An koya mana ɗinke bangon littafi da zare, da kati na kowane mai aro. Malamin ya ɗaga yatsa ya ce, "Cikakken suna, da sunan uba, da unguwa." Na sunkuyar da kai, kafaɗuna na rawa. Hajo ta yi zaton kuka nake.

Ɗinkina ya fi na kowa, an zagaya da shi.

Litinin, 4 ga Satumba

Na buɗe ɗakin da hantsi. Riƙon ƙwarya ne kawai, kafin su samu wanda ya dace, haka na gaya wa kowa. Mutum tara suka zo. Akwatin Ajingi zai bi mota ran kasuwa, na riga na zaɓi na ciki.

Teburin na matsar da shi kusa da taga. Malam ya fi son lungu, amma ni idona ba ya gani a can. Kuma akwai gara ta wajen.

Sai da na kulle na kamo hanya na tuna ban ci komai ba tun safe. Yunwa nake ji sosai. Na tsaya na sayi dafaffiyar gyaɗa, na ci a hanya kamar yarinya.