Babbar Sandar Alhaji

Daren Laraba, Haɗeja

Sai yau na gane yadda mijina, Baban Amina, ya rasu. Sale, wanda suke ɗaukar jakar 'yan wasan golf tare a Kano, ya zo ta'aziyya, na tsare shi sai da ya faɗa mini.

Wai a bugun farko mijina ya miƙa wa Alhajin da yake yi wa aiki ƙaramar sandar buga ƙwallo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ta nisa, amma tana kai ƙwallo inda aka nufa." Alhaji ya ce shi nisa yake so, ya wuce abokansa. Ya zari babbar, ya tura mijina gefen itatuwa ya duba masa inda ƙwallon za ta faɗi. A kansa ta faɗi.

Ni kuwa tsautsayi kawai aka ce mini. Har buhun shinkafar Alhajin na karɓa, na yi godiya!

Allah ya isa. Allah ya sa hannun nan ya kasa ɗaga ko cokali.

Amina ta yi barci rungume da hular babanta. Saura wata uku in fita takaba. Buhun yana nan a ɗaure, ban mayar masa ba tukuna.