Ashe Hausa Kake Yi, Kabiru

Zuwa ga ƙanena Kabiru, a duk garin da wannan takarda ta riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗan'uwa, da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka da ban sani ba. Yayanka ne Ya'u, ɗan wan babanka. Shekara uku ke nan ba ka ɗaga wayata, shi ya sa na rubuta a shafin nan inda kowa zai gani, don an ce mini kana leƙowa jefi-jefi. A gaban mutane na yi maka laifi, gara ban haƙurin ma ya zama a gabansu. Ka san karatuna bai yi nisa ba, in ka ga kuskure ka tsallake.

Ranar Lahadin da ta wuce da safe na je gidanku a Fort Washington, na kai wa Umma kwalaye daga sito ɗin da nake aiki. Na tarar da ƙofar gareji a buɗe. Umma tana zaune cikin motarta, gilashi a sauke, ko hijabin sallah ba ta cire ba. Faifan waƙoƙinka ne a ciki, ban san inda ta samo shi ba. Ta rage sautin ƙasa sosai, kamar mai jin labarai a rediyo tana tsoron tada mai barci. Ban taɓa zaton kiɗan nan yana jiyuwa a hankali ba. Leɓenta yana motsi tare da muryarka.

Na gaishe ta. Ta mayar da waƙa ta huɗu farko, ta ce, "Ya'u, kasa kunne. Hausa yake yi."

Kabiru, na kasa kunne. Kwalayen nan ban san lokacin da na ajiye su a ƙasa ba.

Bari in koma baya, saboda masu karantawa da ba su san mu ba. Lokacin da na ci cacar bizar shigowa ƙasar nan na sauka gidan Baffa, wato babanka, kai aka ce ka raba ɗaki da ni. A nan aka haife ka, ni kuwa Turancina bai wuce na gaisuwa ba. In yi maka Hausa ka mayar mini da Turanci, a haka muka yi ta lallaɓawa. Kai ka zauna da ni muka haddace tambayoyin lasisin tuƙi. Kai ka nuna mini jirgin ƙasan da ke zuwa Laurel, inda sitonmu yake, da wanda ke wucewa Baltimore. Sau biyu ina ɓata, sau biyu kana zuwa ɗauko ni, ba ka taɓa faɗa wa kowa ba.

Ranar da kuka gama faifan, kai da abokanka uku, ka kawo mini guda ɗaya a mota. Ka ce sunan irin kiɗan naku hadko pank. Sannan ka yi abin da ba ka saba ba, ka haɗa Hausa da ƙyar ka ce, "Yaya, ka ji wannan. Kai kaɗai." Na ce to.

Na saka shi a hanyar aiki. Wallahi na ɗauka rediyon motar ne ya lalace. Ganga kamar ana jifan kwano, jita tana kuka, kai kuma kana ihu kamar wanda ƙofar mota ta datse wa yatsa. A waƙa ta huɗu na ji kana maimaita kalma ɗaya, na ce a raina, enaji yake cewa, wato kuzari da Turanci. Kalmar da ogan sitonmu ke daka mana kowace safiya ke nan in yana son mu yi sauri. Na kashe, na jefa faifan a aljihun mota. Da ka tambaye ni na ce ban samu lokaci ba tukuna.

Sai walimar sunan nan ta Landover. Bayan la'asar maza sun fito wajen ajiye motoci ana hira, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a. Ka san yadda nake a cikinsu, mai ɗauko kujera da kai saƙo. Ba a taɓa tambayata ra'ayi a kan komai ba. Wani ya tambayi Baffa me kake yi yanzu. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce ai ina da abin da kake yi a mota. Na buɗe ƙofofi huɗu, na ƙure sauti, na saka waƙa ta huɗu don ita ta fi ihu.

Kowa ya faɗi nasa. Alhaji Isiyaku mutumin Kumasi ya ce injin niƙa ne dutse ya faɗa ciki. Wani likita ya ce shi dai a iya saninsa ba asibiti za a kai wannan ba, malamin ruƙiyya za a nemo. Wani ya ce ko janareton maƙwabcinsa na Kano ya fi wannan daɗin murya. Aka yi ta dariya har da riƙe ciki, aka dafa kafaɗata. Ranar ce ta farko da manyan nan suka yi dariya don wani abu da na kawo, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi.

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku yi haƙuri, yaron ba ya ji." Wani ya karɓe, "Hausar ma ba ya ji, bare magana."

Kana bayanmu, ka ɗauko katan ɗin ruwa. Ka ajiye, ka durƙusa ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Umma ta koya maka, ka juya ka tafi. Ni ko kallona ba ka yi ba. Bayan wata biyu ka bi abokanka can yammacin ƙasar nan. Umma kaɗai kake kira, ita ma sai da sallah.

To, ranar Lahadi a garejin nan na ji abin da kake faɗa. "Ina ji" kake cewa. Ina ji, ina ji, ina ji. Can ƙarshe, inda gangar ta tsaya cak, ka ce, "Duk abin da kuke faɗa ina ji." Harshenka ya karkace irin na yaran nan, amma Hausa ce tsantsa, kowace kalma a wurinta. Mu Hausawa fiye da goma muka tsaya a kanta a Landover, kana faɗa mana da iyakar ƙarfinka, muna cewa ba ka ji. Tun kana ƙarami ake zancenka a gabanka da Hausa, ana ganin ba ka ganewa. Ni da na kwana ɗaki ɗaya da kai na fi kowa sanin kana ganewa. Turanci kawai na sa rai zai fito daga bakinka, shi ya sa Turanci na ji.

Da na koma gida na nemo shafin da masu sauraron irin kiɗanku ke rubuta ra'ayinsu. Na karanta a hankali, ina duba ma'anar wasu kalmomin a waya. Wani ya ce faifan kamar kabad ɗin tukwane ne ya gangaro daga bene, kuma wai yabo yake yi, don ya ce bai ji abin da ya kai shi ba a shekarar. Wata ta ce minti biyu ta iya jurewa. Wani yana ta faɗa a kan an ɗauki sautin ganga da ƙazanta, wani ya ce masa ai ƙazantar ce daɗin. Da yawansu sun ce waƙar enaji ta fi, har wani ya ce ita yake sakawa kafin ya fita gudu. Ka ga su ma kuskurenmu suka yi, sai dai su suna da uzuri.

Mutum ɗaya ne a can ƙasa ya rubuta cewa shi fa yana shakkar Turanci ne. Shekara biyu da rubutawa, ba wanda ya tanka masa. Na yi rajista a shafin na amsa masa da guntun Turancina. Na ce Hausa ce, kuma mai waƙar ƙanena ne. Da na zo fassara sai na tsaya. In ce kunne, in ce ganewa, ko in ce ciwo? Na rubuta masa duka ukun.

Kwana shida ke nan ina jin faifan a hanyar Laurel, zuwa da dawowa. Ka ce in ji, ga abin da na ji, ko da ya zo a makare. Har yanzu yana sa mini ciwon kai, ba zan yi maka ƙarya ba. Waƙa ta bakwai ban ga kanta ba sam. Amma mai gangarku ba hauka yake yi ba, na ƙirga, ba ya kuskure bugu. In an jure minti ɗaya sai a ji kamar luguden mata uku a turmi ɗaya, kowacce da inda taɓaryarta ke sauka. Kuma akwai inda muryarka ke karyewa kafin ta dawo, nan ne nake rage gudun mota.

Kabiru, kwalayen da na kai na ɗaure kaya ne. Baffa ya ajiye aiki, an yi cinikin gidan, bayan Babbar Sallah za su koma Kano gaba ɗaya. Umma ba ta faɗa maka ba don kada ka ce tana jawo ka da tausayi. Ni ban ce ka yafe mini yau ba, na iya jira. Amma ka zo ka gan su kafin su tashi. In ba ka son ganina, ka faɗa wa Umma ranar, ni zan karɓi aikin ranar a sito.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah Ya sa wa muryarka albarka, Ya sanyaya maka zuciya a kanmu. Allah Ya yafe mini abin da na yi da amanarka. Amin.

Yayanka mai jiran amsa, da Hausa ko da Turanci,
Ya'u

Na so in rufe a nan, amma akwai abin da ya kamata ka sani. Ba ni kaɗai na ga Umma a motar nan ba. Baffa yana tsaye a ƙofar kicin da ke shiga gareji, da kofin shayi a hannu. Sau uku ta maimaita waƙar, bai ce ta kashe ba. Da ta kai hannu za ta cire faifan, shi ne ya ce, "Ƙara sautin kaɗan, ban ji ƙarshen ba."