Ofishin da Ba Ya Nan

Keffi,
Jihar Nasarawa.
9 ga Yuni, 2022.

Zuwa ga ƙanena Aminullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah Ya sawwaƙe maka ciwon gwiwar da na ji yana damunka, Ya raya yara, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Mu nan sai godiya. Damina ta sauka da kyau, hawan jinin uwargida Hajo ya lafa tun da ta rage gishiri, kuma 'yarmu Nana Aisha ta sauka lafiya a Agwada, an sami namiji.

Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya. A waya kana katse ni, a takarda kuwa dole ka bari in kai ƙarshe. Akwai maganar da na riƙe shekara goma sha uku ban faɗa maka ba. Da babbar sallar 2009 ka zo gida da kwamfuta a jaka, ka miƙa wa ɗana Zaharadeen, wanda kai ma ɗanka ne, a gabana ba tare da ka tambaye ni ba. Bayan shekara shida, da na gama yawon roƙo na samo masa gurbi a wata ma'aikata a Lafiya, kai ne ka kira shi ka ce ya bi abin da zuciyarsa take so. Zuciyarsa kuwa zane take so da tsara talla. Ban ce maka komai ba a lokacin, don Inna tana da rai kuma ba ta son jin kanmu. Yanzu ina so ka ji inda abin ya kai mu.

Ka san ni. Na yi karatu a Zariya lokacin da ake ƙirga masu digiri na garin nan da yatsu. Shekara talatin da ɗaya ina sa hannu a littafin zuwa aiki kafin ƙarfe takwas, daga Jos har Lafiya bayan an ƙirƙiro jiha. Na fito ba gida a Abuja, ba fili a bakin titi, alhali waɗanda nake gyara wa Turanci sun mallaki rabin Mararaba. Abin da na tsira da shi ɗaya ne: duk wanda ya tambayi inda Malam Sale yake aiki, akwai ƙofar da za a nuna masa.

Shi ya sa da Zaharadeen ya sami aiki a wani kamfanin talla a Wuse, na haƙura. Na je sau ɗaya na gani da idona. Hawa na uku, ƙofar gilashi, teburinsa kusa da taga. Mai kamfanin, wata mata mai suna Angela, ta taso ta gaishe ni da ladabi, ta ce zanen ɗana ne yake jawo musu masu kawo aiki. Yakan fita bayan sallar asuba, ba ya dawowa sai cunkoson Nyanya da Mararaba ya sake shi, idonsa ja, ko abinci ba ya iya ci. Ina tausaya masa, amma ba zan ɓoye maka ba, ina jin daɗin yadda maƙwabta suke ganinsa yana fita da jaka.

Sai annobar korona ta zo aka rufe gari. Da aka buɗe, kowa ya koma bakin aikinsa, ban da ɗanka. Ya share ɗakin nan na kusa da zaure, ya sa sola a kan rufi, ya kawo wani ɗan akwati mai ƙyaftawa da ke jawo intanet. Tun safe zai zauna da jallabiya, abu a kunne, yana magana da bango yana dariya. Na tambaye shi ko korarsa aka yi. Ya ce a'a, sun saki ofis ne. Ni kuwa a kaina ban taɓa jin an saki ofis ba sai don fenti ko gyaran rufi, saboda haka na ɗauka abu ne na 'yan watanni. Ban sake tambaya ba, shi ma bai sake faɗa ba.

Ya dai zauna ya yi mini bayani wata rana da la'asar, kuma abin da ya fi ruɗa ni shi ne na kasa samun inda zan kama shi. Ya ce abin da suke zubawa a haya da man janareto yanzu ya koma kyamara da ƙarin albashi. Ya ce awa huɗu da hanya take ci masa kullum sun dawo hannunsa, kuma zane ba ya fitowa daga kan da ya sha hayaƙin mota. Ya ce da can ba sa ɗaukar ma'aikaci sai wanda zai iya zama kusa da Abuja, yanzu kuwa mai haɗa musu bidiyo yana Ibadan, mai muryar da ke karanta tallarsu ta Hausa tana Kano, wani gwanin zane Julius yana Jos, kuma ba wanda ya bar iyayensa. Wata ma'aikaciyarsu da ta haihu, da a da ne ajiye aikin za ta yi, yanzu tana yi da goyo a baya. Masu ba su aiki har daga Accra, don ba ruwansu da inda teburinka yake. Ya ƙara da cewa tallar madarar da ta fi fitar da sunansu, a kasuwar Garaku ya samo ta, ranar da ya raka Hajo ya ji yadda masu tallar nono suke kiran masu saye, kuma da yana kulle a hawa na uku da bai ji ba. Na tambaye shi wa yake duba ko ya zo aiki da wuri. Ya ce ba a duba zuwa, abin da ka gama ake dubawa. Na tuna mutane nawa na sani da suka yi shekara talatin suna zuwa da wuri ba su gama komai ba.

Amma unguwa ba ta ji wannan bayani ba. Abin da unguwa ta gani shi ne saurayi mai lafiya yana kwana gida yana wuni gida, ga sabon babur, ga sola. A ƙofar masallaci aka fara yi mini jaje a kaikaice. Wani ya tambaye ni ko na ji an kama wasu yara 'yan damfarar intanet a Masaka, yana faɗa yana kallon takalmina. Na roƙi Zaharadeen ya riƙa sa kaya yana fita ko da ranar Litinin ce, ya zaga ya dawo, don bakin mutane. Ya yi dariya ya ce shi ba zai yi wasan kwaikwayon zuwa aiki ba alhali aikin yana jiransa a ɗaki. Daga nan ni na shiga yi masa. Duk wanda ya tambaya sai in ce ofis ne ya ba shi aiki na musamman, yana leƙawa Wuse lokaci lokaci, har sunansa yana jikin ƙofa.

Ka san maganar aurensa da Nana Hauwa, 'yar gidan marigayi Alhaji Yaya mai shagon yadi. Yaran suna son juna, an kai kayan na-gani-ina-so tun kafin azumi, an karɓa. Saura bincike, wanda aka ɗora wa baffanta Malam Zailani. Mutumin kirki ne, ba shi da mugunta, amma surutun unguwa ya kai kunnensa. Ya same ni a zaure ya ce shi marainiya aka ba shi amana, ba ya neman mai arziki, yana so dai ya ga wurin da yaron yake samun abincinsa. Maimakon in kira ɗanka daga ɗakin da bai fi taku goma da mu ba, sai na ce masa ya shirya ranar Laraba in kai shi da kaina. Ban gaya wa Zaharadeen ba. So nake in dawo in nuna masa cewa ƙofar gilashin da ya raina ita ce ta yi masa aure.

Na sa babbar rigata, muka shiga mota a tasha. Kusan awa uku muka yi a hanya. Duk gonakin da muka sani tun muna yara sun zama shaguna da gidajen haya, na yi ta nuna wa Malam Zailani ina ba shi tarihi, kamar ni na gina su. Muka hau bene, ina gaba yana baya, yana haki. A hawa na uku ƙofar gilashin tana nan, amma bayanta tayil ne da tukwanen banɗaki na sayarwa jere har taga, daidai inda teburin ɗana yake. Na ce ko mun ɓata hawa ne, muka sauka muka sake hawa. Maigadin ginin, wani dattijo Boaz, ya ce mana masu tallan nan sun kwashe kayansu fiye da shekara guda, kuma bai san inda suka koma ba, ya dai ji an ce a iska suke aiki yanzu. Malam Zailani ya tambaye shi ko ya san wani Zaharadeen. Ya ce mutane da yawa sun shiga sun fita.

A hanyar dawowa, kafin a shigo gari, akwai ƙaton allon tallar madarar nan. Na nuna masa na ce wannan aikin ɗana ne, da hannunsa ya tsara shi. Ya leƙa ta taga ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni a hankali ina sunan yaron a jiki. Babu. 

An yi ƙoƙari, kada ka ce ba a yi ba. Zaharadeen ya kai masa takardar ɗaukarsa aiki da katin shaida. Malam Zailani ya ce wanda sana'arsa zane ce, wace takarda ce za ta gagare shi. Angela da kanta ta ce a haɗa ta da shi ta kwamfuta su ga juna su yi magana. Ya ce kowa ma yana iya fitowa a gilashi. Ta ce to za ta zo Keffi da ƙafarta. Ya aiko cewa kada ta wahala, don shi yanzu ba aikin yaron ne ya dame shi ba, abin da ya tsaya masa shi ne uban yaron ya dube shi ido da ido ya faɗa masa abin da ba haka ba. 

Ɗanka bai ɗaga mini murya ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni kawai me ya sa ban kawo Malam Zailani ɗakinsa ya zauna ya ga aikin da idonsa ba. Na ce ban ɗauka ɗaki wurin aiki ba ne. Ya ce ya sani.

To Aminullahi, kai da ka fara wannan abu, ka warware mini. Kamfanin ya fi da samun aiki, yaron ya fi da lafiya da walwala, yana cin abincin rana da uwarsa, yana bin jam'i sau biyar. Duk abin da ya lissafa mini gaskiya ne, na juya shi ta kowace fuska. Malam Zailani ma bai yi laifi ba, don da 'yata ce haka zan yi. Na zauna rubuta wannan takarda da niyyar ɗora maka komai, ga shi na zo ƙarshenta ban san wa zan ɗora wa ba. Idan ka kira Zaharadeen, yana jin maganarka fiye da tawa, ka ce masa Hajo ba ta cin abinci sosai. Kada ka ce ni na sa ka.

Ka gai da Jidda da kyau, ka ce mata Hajo ta gode da maganin da ta aiko. Ka gai da Taufiq da ƙannensa, Allah Ya ba shi sa'ar jarrabawa. Nana Aisha da mijinta suna gaishe ku, suna tambayar ko za ku sami zuwa ganin jariri.

Gidan su Nana Hauwa sun dawo da kayan na-gani-ina-so ranar Talatar makon jiya, ba abin da ya ɓata a ciki. Ranar Asabar Zaharadeen ya ɗauki kwamfutarsa ya koma Jos wurin Julius, ya ce aikin ba ruwansa da inda mutum yake. Ya bar solar da ɗan akwatin, yana nan yana ƙyaftawa, ban san yadda ake kashe shi ba. Auren ya fasa, yaron kuma ba ya gida.

Wassalam.

Yayanka,
Sale