Sunana Ne a Taga ta Biyu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya gwiwar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai gajiya.

Sati biyu ke nan ana koya mana sabuwar manhajar kwamfuta da asibiti ya sa a ɗakin magani. Da a zamaninka aka kawo ta, na san da ka ajiye aiki tun lokacinka bai yi ba. Kafin in ba mutum ƙwaya goma sai na cike gurbi bakwai: nauyinsa, shekarunsa, abin da jikinsa ba ya so, har maganin da ya sha bara. In abu bai yi mata ba sai ta fito da jan rubutu ta tsaya cak, layi kuma ya kai bakin matakala. Mai koya mana mun sa masa Malam Danna-nan, don ba shi da wata magana sai ita. Ranar Laraba ya yi awa biyu yana bayanin yadda take ajiye duk abin da aka taɓa, ni kuwa wallahi gyangyaɗi na sha.

Anti Babba nake tausayi, wadda ta koya min aiki lokacin da na fara. Lambar sirrinta ta ƙi zama a kanta, sau uku ana rufe mata. Sai nake barin tawa a buɗe tana aiki da sunana. Malamin ya hana, amma shekara tara muna karɓa-karɓa da biro ɗaya da makulli ɗaya. Da wane baki zan ce mata a'a?

A gaida Inna da kyau.

'Yarka,
Auta


Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Kada ka karanta wa Inna wannan.

Shekaranjiya an ba wani dattijo maganin da jikinsa ba ya ɗauka. Bai kai bakin ƙofa ba ya faɗi, fuskarsa ta kumbura, numfashi ya gagara. Yanzu yana ɗakin masu tsananin jinya. An duba aka ga manhajar ta fito da jan gargaɗi, wani ya danna a wuce. Sunana ne a wurin, tagar ba da magani ta biyu, ƙarfe biyu saura takwas.

Baba, ba ni ba ce. Ina ƙasa a ɗakin sanyi ina ɗauko allurai. Na san wadda ke zaune a tagar, ita ma ta san na sani. Jiya mun wuni kafaɗa da kafaɗa, ba ta ɗaga maganar ba, sai ƙirga ƙwayoyi take. Wata bakwai ya rage ta yi ritaya.

An dakatar da ni daga ba da magani, ranar Litinin zan tsaya gaban kwamiti. In na yi shiru za a karɓe lasisina. In na yi magana na tona matar da ta zauna a kaina kwana uku lokacin da na haifi babbar jikarka. Tsoro nake ji, abinci ma ba ya shiga. Na ɗauki waya in kira ka na ajiye, don na san muryata za ta tayar maka da hankali.

Ka sa ni a addu'a, ka sa dattijon.

'Yarka,
Auta


Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Dattijon ya farfaɗo, jiya har ya sha ruwa da hannunsa. Alhamdulillahi.

Na shiga gaban kwamiti ban yanke abin da zan ce ba. Kafin a tambaye ni, shugabar asibiti ta sa Malam Danna-nan ya buɗe shafin nan da na yi wa gyangyaɗi. Ashe manhajar tana haɗe da ƙofofi da firij da kowace taga. Ya nuna katin aikina ya buɗe ɗakin sanyi ƙarfe biyu saura goma, bai rufe ba sai biyu daidai. Ya kuma nuna inda wata nas ta rubuta, tun wata takwas baya da aka fara sa manhajar a ɗakunan jinya, cewa maganin nan ya taɓa kumbura dattijon. Layi ɗaya ne, a cikin guraben da nake tsaki in na zo cikewa. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

Aka tambaye ni wa ke tagar. Sai Anti Babba, da aka kira a matsayin shugabar ɗakinmu, ta miƙe ta ce ita ce. Ta ce layi ne ya yi tsawo, jan rubutun kuma ya saba fitowa, ba ta ko karanta ba.

An ba ni takardar gargaɗi saboda lambar da na bari a buɗe, na kuma cancanta. Ita an sallame ta. Na bi ta har bakin titi ina ba ta haƙuri, ban ma san na me ba. Ta ce in koma, marasa lafiya na jira. Na yi zaton tausayinta na ji da na bar mata sunana, Baba. Da na zauna da ita yamma biyu ta koya, da yanzu tana nan.

A gaida Inna. Yanzu kana iya gaya mata.

'Yarka,
Auta