Faifan Baba da Rubutun Ajami

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Yaya Binta da yara. Ya zaman Legas? Mu nan unguwar Hausari sai godiya.

Wani maƙwabcinmu Kirista da zai bar gari ya sayar wa maigidana Malam Idi na'urar kwafar faifan DVD da araha, ya haɗa ta da kwamfutar gida. Muka kwafa wa 'yan uwa bidiyon marigayi Baba. Ni na rubuta sunan kowa a faifansa da ajami, tunda shi na iya.

Jiya sojoji suka shigo bincike, suka ga tarin faifai da rubutun, suka zaci wa'azin 'yan ta'addan nan ne. Suka durƙusar da Malam a tsakar gida, mota na jira a ƙofa. Babbansu ya ce, "Hajiya, kunna mu gani." Ga babu wuta. Na yi ta jan janareta har ya tashi. Na kunna faifai ɗaya, sai ga Baba yana tsokanar jikokinsa, yana dariya. Mutumin ya kalla, ya ce Malam ya tashi.

Naka faifan yana hannun direban motar Legas, ban rubuta komai a kai ba. A sa mu a addu'a. Ka gaishe da Gwaggo.

Ƙanwarka,
Amina