Ƙofa Mai Fiffike a Bakin Makaranta

Zuwa ga Baban Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya ciwon bayan nan? Kana shan maganin kuwa, ko ka cusa shi a aljihun jaka kamar yadda ka saba? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Motar da ka aiko ta iso, kuma mai gyara ya kafa mana abin cajinta a bangon gareji. Ba ƙarama ba ce, ba kuma jif ba ce, tsaka-tsaki. Tana tafiya shiru, har kyanwar maƙwabta ba ta san an taho ba. Amma ka san abin da ya tsayar da ni: ƙofofin bayan nan. Na danna maɓalli, sai ƙofa ta ɗan turo waje, ta naɗe a tsakiya, ta tashi sama kamar tsuntsu zai buɗe fiffike. Mahaɗinta a rufin motar yake, ba a gefe ba, shi ya sa gefen gaba ɗaya yake buɗewa. Tana da wasu 'yan idanu da suke auna tazara don kada ta bugi wani abu. Malamar kimiyya ce matarka, ka yi haƙuri, na daɗe ina buɗewa ina rufewa kamar yarinya ta samu abin wasa.

Na gane nufinka. Tun da aka sa wa Auta ƙarfe a gwiwa bayan hatsarin, ƙafar ba ta lanƙwasuwa, kuma a tsohuwar motar sai mu zura ta da baya kamar ana shigar da katako. A wannan kuwa za ta zauna, ta juya, ta miƙe ƙafarta ta sauka da kanta. Allah ya saka maka.

Sai dai ita ba haka ta gani ba. Ta leƙo ta taga, ta kalli ƙofar a sama, ta ce, “Mama, Baba ya sayo mini ƙararrawa. Duk inda na je sai an san gurguwa ta iso.” Ta saki labule. Kalmar nan ta soke ni.

Ga kuma maganar shugaban makarantarmu. Ya kira ni ofis, cikin mutunci, ya ce in ba ta dawo kafin a fara jarrabawar gwaji ba, dole ta maimaita aji, ƙawayenta su wuce su bar ta. Likita ya ce za ta iya komawa. Ita ce ba ta so. Ba ciwon take tsoro ba, idanun mutane take tsoro.

Ka sa mu a addu'a. Ina da wata dabara.

Taka,
Maman Auta

Zuwa ga Baban Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kuma aiki yana tafiya daidai. Na ji daɗi da ka ce bayan ya yi sauƙi.

Dabarata ta rushe, kuma ga yadda aka yi.

Na lallashe ta da alkawarin cewa babu wanda zai gan ta tana sauka. Ka tuna rumfar kwanon nan ta bayan ɗakin gwaji, inda malamai suke ajiye motoci? Daga nan zuwa ajinsu ɗan taƙi ne, kuma yara ba sa bi ta wurin. Ta amince. Ta goge kayan makarantarta da kanta, ta ɗaure wa sandunanta ɗan ƙyalle a mariƙi don kada su yi mata kanta. Muka shiga ta ƙaramin get, na kutsa can ƙurya kusa da bango, na kashe mota, na danna.

Ƙofa ta taso kaɗan, ta yi 'yar ƙara, ta tsaya cak. Na sake dannawa, ta ƙara ɗan tashi, ta sake tsayawa. Idanun nan nata sun hango kwano a sama, sun ƙi bari ta ɗaga. Ni da nake koya wa yara awo kullum, na auna faɗin wurin da ido, ban ɗaga kai na dubi tsayinsa ba.

Abin da ya rage ɗan rami ne, mai lafiya zai sunkuya ya fito. Auta ta gwada. In ta sunkuyar da kai sai ƙafar ta tokare kujerar gaba, in ta fito da ƙafar sai kai ya ƙi wucewa. Ta yi gumi sharkaf. Ana cikin haka mai gadi ya iso, dattijon kirki, ya ce, “Malama, bari in kama miki mu ciro ta.” Da alheri ya faɗa, amma kalmar “ciro” ce ta ƙarasa ta. Ta ja jakarta ta rufe fuska, ta ce in kai ta gida.

Na kai ta. A hanya, ga motar ba ta da ko ƙarar inji da mutum zai fake a bayanta. Ina jin numfashinta tana danne kuka.

Baban Auta, na saba da yara masu tsoro. Na san yadda ake sa yaro mai rawar murya ya tashi ya yi magana a gaban aji. Amma a kan tawa, duk abin da na sani ya gudu ya bar ni. Kada ka kira ta da maganar tukuna, ka bari ta huce.

Taka a kullum,
Maman Auta

Zuwa ga Baban Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kana cikin alheri. Zauna sosai kafin ka karanta wannan.

Bayan abin da ya faru na daina yi mata maganar makaranta. Ran nan da la'asar na fito na tarar da ita a tsakar gida, cikin motar, ita kaɗai. Ta ɗaga ƙofa, ta juya, ta sauke ƙafa, ta miƙe a kan sanduna, ta koma ta zauna, ta rufe. Ta sake. Na yi kamar ina kwashe shanya. Can ta ce, “Mama, a bakin babban get ne kawai babu rufi, ko?” Na ce haka ne. Ta ce, “To mu je a yi ta ta ƙare.”

Da safe muka tsaya a bakin get daidai lokacin da yara suka fi yawa. Na danna maɓalli. Ƙofa ta tashi har ƙarshe.

Da ka ga wuyan yaran nan, duk sun karkata sama. Wani ya ce tashi za ta yi, a matsa. Wani ya rantse ya taɓa ganin irinta tana shawagi. 'Yan ajina suka yanyame ni da tambaya, me yake ɗaga ta, in ana ruwa fa, in caji ya ƙare mutum ya kwana a ciki ke nan? A ƙarƙashin wannan hayaniya 'yarka ta juya, ta sauke ƙafarta a miƙe, ta tashi tsaye. Babu idon da ya sauko kanta.

Sai ga ƙawarta, wadda suke kira Rediyo saboda surutu. Ko sannu ba ta ce ba, ta ce, “Ke, ina maɓallin rufewa? Ni zan danna.” Auta ta ce, “Sai kin ɗaukar mini jaka.” Ta ɗauka. Suka shige suna faɗa a kan wa ya fi wani rashin kunya.

Da yamma kuma ta dawo tana ƙunƙuni. Wai ta daɗe a kwance tana shirya amsar da za ta ba duk wanda ya tambaye ta ƙafa, ga shi ko mutum ɗaya bai tambaya ba, mota ta ƙwace mata kasuwa. Na yi dariya har da hawaye.

Amma ni malama ce, na san yara. Marmarin ƙofar nan ba zai daɗe ba. Ranar da suka gaji da kallon sama, ƙasa za su duba. Ita nake jin tsoro.

Taka,
Maman Auta

Zuwa ga Baban Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ka tashi lafiya.

Ranar ta zo, yau da safe. Na ɗaga ƙofa, ba wanda ya ɗaga kai. Yara suna ta shigewa, sai wasu 'yan mata da suka tsaya a gefe, kuma ƙafarta suke kallo ƙuri, suna magana ƙasa-ƙasa. Rediyo ba ta iso ba. Auta ta gan su, na ga ta gan su. Ta tsaya a zaune, ƙafar a waje, jikin a ciki.

Na ɗora yatsa a kan maɓalli. Da ta ce mu tafi, da na rufe mun tafi, jarrabawa ta wuce, ba kuma zan ga laifinta ba.

Ta ɗauko sandunanta, ta miƙe, ta rataya jakarta da kanta. Ta dubi 'yan matan ta ce, “Ƙarfe ne a ciki. In kuna son gani, sai an tashi tara.” Sannan ta sunkuyo ta taga ta ce, “Mama, ja motarki gaba, kin tare wa mutane hanya.”

Na ja. Ban shiga aji nan da nan ba, sai da na gyara fuskata.

Jibi za su fara jarrabawa. Ka kira ta yanzu, tana jira.

Matarka mai ƙaunarka,
Maman Auta